Earl na Mar: ta yaya sarauta ɗaya ta samu masu riƙe ta biyu?

Bakatsine_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana tarihin Birtaniya na wannan zaure. A jerin masu sarautar gado na Sikotilan akwai Margaret, Countess (wato Earl mace) ta Mar ta 31, sannan akwai James Erskine, Earl na Mar na 14 kuma Earl na Kellie na 16. Hukuma ta san da su duka, kuma sun yi zama a Majalisar Dattawan Birtaniya lokaci guda. Yanki ɗaya ne, sunan sarauta ɗaya ne. Ta ina aka samu biyu? Me kuma ya sa lissafin ɗaya ya kai 31, na ɗayan ya tsaya a 14?

Malam_Zayyana:
Wa'alaikumus salam, Malam Bakatsine. A idon doka sarautu biyu ne masu suna ɗaya. Wadda ke hannun Margaret ita ce ta asali, ana gadonta ta mace ko ta namiji. Ta hannun Erskine kuwa, Majalisar Dattawa ce ta yanke hukunci a 1875 cewa Sarauniya Mary ta ƙirƙire ta a 1565, kuma maza kaɗai ke gadonta. Sai dai ba za a gane yadda aka kai nan ba sai an koma baya sosai.

Mar yanki ne a arewa maso gabashin Sikotilan, a ƙasar Aberdeen, tsakanin kogin Dee da kogin Don har zuwa duwatsun Braemar. Masu mulkinsa na farko mormaer ake ce musu, tun kafin laƙabin Earl ya shigo. Littattafan tarihin Ailan sun ambaci Domnall ɗan Eimin, mormaer na Mar, cikin waɗanda suka faɗi a yaƙin Clontarf a 1014. A farkon ƙarni na 12 akwai Ruadri, kuma daga kansa ake fara ƙirgan da ya kai 31 a yau. Gida ne babba ƙwarai: Isabella 'yar Earl Donald ita ce matar Robert Bruce (wanda daga baya ya zama sarkin Sikotilan) ta farko, ta haifi Marjorie, Marjorie ta haifi Sarki Robert na 2, wanda ya buɗe sarautar gidan Stewart. Wani Donald ɗin, na 8 a jeri, shi ne mai riƙon ƙasa da aka kashe a yaƙin Dupplin Moor a 1332. Ɗansa Thomas ya rasu a shekarun 1370 bai bar ɗa ba, tsatson maza na gidan asali ya yanke a nan.

Gimbiyar_Damagaram:
Malam Zayyana, bari in ɗora daga inda ka tsaya, don daga nan mata suka shigo, kuma duk rigimar baya a kansu take. Bayan Thomas, 'yar'uwarsa Margaret ce ta gaje shi. Mijinta William, Earl na Douglas na farko, ya riƙa amsa sunan Earl na Mar albarkacinta. Ɗansu James ya riƙe sarautun biyu har aka kashe shi a yaƙin Otterburn a 1388, shi ma bai bar ɗan aure ba. Sai Mar ta dawo hannun 'yar'uwarsa Isabel Douglas.

Mijin Isabel na farko, Sir Malcolm Drummond, kama shi aka yi, ya mutu a tsare wajen 1402. A 1404 Alexander Stewart, wanda Earl na Buchan ya haifa ba ta hanyar aure ba, ya zo da dakarunsa ya kama ganuwar Kildrummy, wadda ita ce fadar Mar, da Isabel a ciki. Abin da ya biyo baya takardu biyu ne, kuma su ne tushen shari'ar shekara ɗari huɗu da ɗoriya.

Barista_Kurmi:
Takardun nan biyu ya kamata a riƙe su da kyau, don kalmomi kaɗan ne suka bambanta su.

Ta 12 ga Agusta 1404: Isabel ta ba Alexander ƙasar Mar, shi da 'ya'yan da za su haifa tare, in ba su haihu ba ta tafi ga magadan Alexander. Wato danginta sun fita ke nan gaba ɗaya.

Ta 9 ga Disamba 1404: an sake rubutawa a Kildrummy gaban shaidu. Alexander zai ci moriyar ƙasar iya rayuwarsa, 'ya'yansu su gada, in babu 'ya'ya ta koma ga magadan Isabel.

A dokar wancan zamani, mai riƙe da ƙasa daga hannun sarki ba ya iya kyautar da ita sai sarki ya amince. Ta Disamba ce Sarki Robert na 3 ya tabbatar a Janairun 1405. Ta Agusta ba ta samu wannan tabbaci ba, ga shi kuma an karɓe ta ne daga matar da ke tsare. Isabel ta rasu a 1408 ba haihuwa. Bisa ƙa'ida, ranar da Alexander ya mutu ya kamata Mar ta koma wa danginta.

Sa'idu_GidanMadi:
Ni dai ina ganin ana tsananta wa Alexander Stewart. Shi ne ya ja rundunar da ta tare Donald, Sarkin Tsibirai, a Harlaw a Yulin 1411, ya hana a ci Aberdeen. Shekara talatin yana riƙe da arewa maso gabas a madadin sarauta. Sarki James na 1 da kansa ya ba shi sabuwar takarda a 1426. Ta yaya za a ce haramtacce ne?

Barista_Kurmi:
Malam Sa'idu, jarumtarsa ba a musunta. Matsalar takardar 1426 ce. Hanyar da ake bi a Sikotilan a lokacin ita ce mai sarauta ya miƙa ta hannun sarki, sarki ya mayar masa da sabbin sharuɗɗan gado. Alexander ya miƙa Mar, James ya mayar masa da sharaɗin ɗansa Thomas ya gaje shi, in ba su bar magaji ba ta koma gidan sarki. To amma mutum ba ya miƙa abin da ba nasa ba. Wanda aka ba cin moriya iya rai ba shi da ikon sauya magaji. Thomas ya riga uban mutuwa, Alexander ya rasu a 1435, sarki ya sa hannu ya ɗauke ƙasar. James na 1 yana neman rage ƙarfin manyan gidaje da ƙara kuɗin shigar fada, wannan sharaɗi kuwa ya yi masa daidai.

Malam_Zayyana:
A nan gidan Erskine ya shigo. Ga silsilar, ta mata uku take bi a jere: Elyne 'yar Earl Gartnait ta auri Sir John Menteith, 'yarsu Christian ta auri Sir Edward Keith, 'yarsu Janet ta auri Sir Thomas Erskine, ɗansu shi ne Robert Erskine. A 1438 zaman masu tantance gado ya amince da Robert a matsayin magajin Isabel, ya fara kiran kansa Earl na Mar. A 1457 aka yi zama a Aberdeen, Sarki James na 2 yana wurin da kansa, aka dogara da takardar Agusta, aka rushe haƙƙin Erskine. Daga nan sarakuna suka riƙa ba 'ya'yansu da 'yan'uwansu sunan Mar, ana kuma yanka ƙasar ana rabawa. Kildrummy ta faɗa hannun gidan Elphinstone a farkon ƙarni na 16. Sarauniya Mary ma ta ba ɗan'uwanta James Stewart sarautar a 1562, amma bai jima da ita ba ya sake ta ya riƙe ta Moray.

Ranar 23 ga Yuni 1565 Mary ta ba John, Lord Erskine, takarda mai hatimi, wadda a cikinta ta amince cewa shi ne magajin Isabel, kuma an hana kakanninsa haƙƙinsu. Shekara 130 ke nan bayan rasuwar Alexander Stewart.

Ummu_Khalil_Kumasi:
Allah ya ƙara ilimi. Ina da tambaya. Ba su da masu zaɓen sarki ne kamar yadda muke da su, waɗanda za su zauna su duba 'ya'yan gidan sarauta su fitar da wanda ya cancanta?

Barista_Kurmi:
Babu, Hajiya. A tsarin da ya kafu tun ƙarni na 13 zuwa yau, ba a zaɓe, ba a duba cancanta. Da mai sarauta ya cika, ta sauka kan magajinsa a wannan lokacin, ko jariri ne, ko yana wata ƙasa, ko bai ma san da zancen ba. Abin da ke fayyace magajin shi ne sharaɗin gadon da ke cikin takardar kafa sarautar. Iri biyu ne manya. Akwai gadon tsatson maza: ana bin ɗa namiji, in babu a hau wurin kaka a sauko ta wani reshen maza, komai nisansa, 'ya mace da 'ya'yanta ba sa ciki. Akwai kuma gadon mafi kusa: 'ya'ya maza ne a gaba, in babu sai babbar 'ya mace, ita ma ta gadar wa 'ya'yanta. Idan takardar ta ɓata, ko tun asali babu ita, sai kotu ta yi hasashe. Hasashen nan ne ya raba Mar biyu.

Dogo_Mai_Littafi:
Kada a tsallake abin da Erskine suka yi da sarautar bayan ta dawo. John na 1565 shi aka damƙa wa renon James na 6 a Stirling, ya zama mai riƙon ƙasa a 1571, ya rasu a Oktoban 1572. Ɗansa John ya yi Ma'ajin Sikotilan daga 1616 zuwa 1630, kuma shi ya bi ƙasashen da aka rarraba yana ƙwato su ta kotu. A 1626 babbar kotun Edinbara ta ba shi nasara a kan Lord Elphinstone, ta mayar masa da Kildrummy bisa takardar Disamban 1404. A 1628 ya gina ganuwar Braemar.

Wanda ya rusa komai shi ne John na 6 a lissafin Erskine, na 23 a tsohon lissafi. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka haɗe Sikotilan da Ingila a 1707, ya yi sakataren gwamnati zamanin Sarauniya Anne. Da George na 1 ya hau a 1714 ya sallame shi, sai ya koma ɓangaren James Stuart, mai neman gadon sarautar Birtaniya. Ranar 6 ga Satumba 1715 ya ɗaga tutar tawaye a Braemar. Ranar 13 ga Nuwamba ya haɗu da Duke na Argyll, jagoran rundunar gwamnati, a Sheriffmuir, rundunarsa ta fi ta Argyll yawa nesa ba kusa ba, amma ya kasa amfani da rinjayen, ya ja da baya zuwa Perth. A Fabrairun 1716 ya shiga jirgi a Montrose tare da James suka tafi Faransa. Majalisa ta zartar masa da hukuncin cin amanar ƙasa, aka ƙwace sarauta da dukiya. Ya rasu a Aachen a 1732.

Sa'idu_GidanMadi:
Kuskurensa na soja ya fara tun kafin Sheriffmuir. Ya zauna a Perth makonni yana jiran ƙarin mutane, alhali a lokacin Argyll na da 'yan tsiraru ne a Stirling. Duk ranar da ya ƙara, gwamnati ce ke ƙara ƙarfi.

Gimbiyar_Damagaram:
Haka ne, amma mu dawo kan gado. Abin da ya ɓoye matsalar tsawon lokaci aure ne na zumunci. Ɗan wanda aka tsige, Thomas, ya rasu a 1766 ba haihuwa. 'Yar wanda aka tsigen, Lady Frances, kuwa ta auri ɗan baffanta James Erskine, ɗan Lord Grange. Ɗansu John Francis Erskine sai ya haɗa duka biyu: ta wajen uwa shi ne jikan Earl ɗin kai tsaye, ta wajen uba shi ne magajin tsatson maza. Da Majalisa ta yi dokar mayar masa da sarautar a 1824, ba wanda ya buƙaci tambayar ta wace hanya ya gada, tunda kowace aka bi kansa take ƙarewa. Ya rasu a 1825, ɗansa ya gaje shi ya rasu a 1828, jikansa John Francis Miller Erskine ya hau. A 1835 wannan jika ya ƙara da sarautar Kellie, wadda ta wani reshen Erskine ce kuma ta maza ce zalla. A 1866 ya rasu bai bar ɗa ko 'ya ba. Hanyoyin biyu suka rabu.

Mafi kusa shi ne ɗan 'yar'uwarsa, John Francis Goodeve, wanda ya ƙara Erskine a sunansa. Na tsatson maza shi ne ɗan baffansa, Walter Coningsby Erskine. Walter ya ɗauki Kellie da gidan Alloa ba gardama. Goodeve-Erskine ya fara amsa sunan Earl na Mar, mutane ma suka karɓa. Daga baya Walter ya shigar da buƙata cewa Mar ma tasa ce. Ya rasu a 1872, ɗansa Walter Henry ya ci gaba da shari'ar.

Barista_Kurmi:
Ga yadda kwamitin Majalisar Dattawa ya gina hukuncin Fabrairun 1875, mataki-mataki. Manyan da suka yi magana su ne Lord Chelmsford, Lord Redesdale da Lord Cairns.

Na farko, suka ce tsohuwar sarautar ta riga ta gushe tun kafin zamanin Mary. Na biyu, takardar Yunin 1565 ƙasa ta bayar, ba laƙabi ba. Na uku, littafin zaman majalisar sarauniya ya nuna John yana zama a matsayin Lord Erskine ranar 28 ga Yuli 1565, sannan a matsayin Earl na Mar ranar 1 ga Agusta. Tsakanin kwanakin nan, ranar 29 ga Yuli, aka ɗaura auren Mary da Darnley. Saboda haka, in ji su, an yi masa sabon naɗi a lokacin bikin. Na huɗu, tunda ba a ga takardar naɗin ba, sai a bi ƙa'idar da Majalisar ta ɗauka tun shari'ar Cassillis ta 1762, cewa in babu takarda, a ɗauka gadon na maza ne sai an kawo hujjar akasin haka. Sakamako: Walter Henry, Earl na Kellie, shi ne Earl na Mar.

Ni a ganina hukuncin ya tsaya ne a kan takardar da ba wanda ya taɓa gani, aka kuma ƙaddara abin da ke cikinta.

Alhaji_Tanko_Jos:
Barista, a yi wa alƙalan adalci. Tambayarsu tana da ƙarfi: in dai takardar Yuni ta mayar da shi Earl, me ya sa ya yi sama da wata guda ana rubuta shi Lord Erskine a zaman da shi kansa yake halarta? Sannan hukuncin 1457 kotu ce ta yanke, kuma sarakuna sun ba wasu mutane sunan Mar bayansa. Ba za a ce sarautar tana nan a hannun Erskine a ɓoye ba, alhali wani yana amsa sunan a fili da yardar sarki.

Barista_Kurmi:
Ranka ya daɗe, jinkirin yana da bayani a dokar ƙasa ta Sikotilan. Takardar sarki ba ta kammala mallaka. Bayanta sai an fitar da umarni, wakilin sarki ya je kan ƙasar, ya damƙa wa mutum ƙasa da dutse a hannu gaban shaidu, magatakarda ya rubuta. Kafin a gama wannan, daga Edinbara zuwa Mar, makonni ba abin mamaki ba ne. A zamanin da laƙabi ke tafiya tare da ƙasa, ba ka amsa sunan sai mallaka ta kammala.

Ga kuma hujjar da ta fi nauyi a wurina. A 1606 James na 6 ya sa aka jera masu sarauta bisa tsufan sarautunsu, kowa ya kawo takardunsa. An sa Mar a matsayi na bakwai cikin masu laƙabin Earl, bayan Sutherland, gaban Rothes da Morton. Waɗannan biyun tun shekarun 1450 aka kafa su. Da sarautar Mar ta 1565 ce, da can ƙasa za ta zauna. Mutanen 1606 shekara 41 kawai ke tsakaninsu da abin da ya faru, wasunsu ma sun gani da idonsu. Ƙara da dokar Majalisar Sikotilan ta 1587 da ta amince da Erskine a matsayin magajin Isabel, da hukuncin 1626 da Malam Dogo ya kawo.

Alhaji_Tanko_Jos:
Hujjar 1606 na karɓe ta. Amma dokar 1587 da hukuncin 1626 kan filaye suke, ba kan laƙabi ba, kuma abin da kwamitin ya faɗa ke nan. Mu tuna fa, zuwa 1565 an riga an fara naɗa mutane ba tare da an ɗaura laƙabin a kan wata ƙasa ba.

Malam_Zayyana:
Gardamar da kuke yi ita aka yi shekara goma a Birtaniya. Daga 1707 zuwa 1963 masu sarautar Sikotilan ba duka ke zama a Majalisar Dattawa ba, mutum 16 suke zaɓa a fadar Holyrood su wakilce su. Bayan 1875, in an zo kiran sunan Mar a wurin zaɓen, sai wasu su miƙe su gabatar da ƙorafi a rubuce. Earl na Crawford na 25 ya rubuta littafi mai juzu'i biyu yana kare Goodeve-Erskine, aka buga shi a 1882 bayan rasuwarsa. Ƙarshe dai a 1885 Majalisa ta yi doka ta musamman. Ba ta soke hukuncin 1875 ba. Cewa ta yi tunda akwai shakkar ko tsohuwar sarautar ta koma hannun sarki kafin 1565, to an mayar wa Goodeve-Erskine ita kamar ba ta taɓa fita ba. Kellie ya riƙe ta 1565, Goodeve-Erskine ya riƙe ta asali. Sarauta ya samu kawai, ƙasar Alloa tana hannun ɗaya gidan.

Bakatsine_Tarihi:
Yanzu na gane asalin biyun. Saura lissafin.

Dogo_Mai_Littafi:
Mai sauƙi ne. Tsohon lissafi ya fara daga Ruadri, ya bi har Isabel, sannan ya ƙirga mutum biyar na gidan Erskine, na 13 zuwa na 17, waɗanda doka ta ɗauka masu haƙƙi ne ko da yake an hana su. John na 1565 ya zama na 18. Sabon lissafi shi ya ɗauka na 1. Daga shi zuwa wanda ya rasu a 1866 mutum tara ne, kowa da lamba biyu, na ƙarshe shi ne na 9 kuma na 26. Daga nan Goodeve-Erskine na 27, ya rasu a 1930, ɗansa na 28 a 1932, Lionel Erskine-Young na 29 a 1965, James na 30 a 1975, sai 'yarsa Margaret ta 31. Ka lura sunan iyali ya yi ta sauyawa, saboda gadon yana ratsawa ta mata. A ɗaya ɓangaren sunan Erskine bai motsa ba, daga na 10 zuwa na 14.

Ummu_Khalil_Kumasi:
To a Ingila ma mace na gada haka?

Gimbiyar_Damagaram:
Da bambanci, Yaya. A wasu tsofaffin sarautun Ingila da mace ke iya gada, idan mutum ya bar 'ya'ya mata biyu ko fiye ba namiji, haƙƙinsu ɗaya ne, sai sarautar ta tsaya a rataye har zuriya ɗaya ta rage ko sarki ya zaɓi ɗaya. Tana iya yin ɗaruruwan shekaru a haka. A Sikotilan babbar 'ya ce ke ɗauka kai tsaye. Misali mafi kusa da Mar shi ne Sutherland. Earl William ya rasu a 1766 ya bar 'ya mai shekara ɗaya, Elizabeth. Sir Robert Gordon na Gordonstoun da George Sutherland na Forse suka nemi sarautar ta tsatson maza. A 1771 Majalisar Dattawa ta ba yarinyar, saboda an nuna cewa a farkon ƙarni na 16 wata Elizabeth ta taɓa gadon sarautar. Wato an kawo hujjar da ta karya hasashen maza. Masu goyon bayan Goodeve-Erskine sun ce Margaret da Isabel irin wannan hujja ce ga Mar, kwamitin 1875 kuwa ya kauce mata da cewa waccan sarautar ta mutu. A 1963 Sutherland ma ta rabu, laƙabin Duke ya bi maza zuwa gidan Egerton, na Earl ya tafi ga 'yar ɗan'uwan mamacin. Sai dai can laƙuban daban ne, ba a samu rikicin suna ba.

Yaro_Na_Zongo:
Afuwan in na kauce. Waɗannan da ke talla a intanet cewa ka sayi taku ɗaya na fili a Sikotilan ka zama Lord, da alaƙa da wannan?

Barista_Kurmi:
Ko kaɗan. Dokar rajistar filaye ta Sikotilan ta 2012 ta hana a yi wa irin waɗannan 'yan gutsattsarin filaye rajista, kuma ofishin Lord Lyon, mai kula da tamburan gidaje, ba ya karɓarsu a matsayin hujjar komai. Sarautar gado irin ta Mar ba a sayar da ita, kuma tun 1707 ba a ƙara kafa sabuwa a jerin Sikotilan ba. Abin da ake iya saya bisa doka shi ne tsohuwar martabar baron ta ƙasa, wadda aka raba da fili tun 28 ga Nuwamba 2004 da dokar soke tsarin mallakar gargajiya ta fara aiki. Ita ma ba ta taɓa ba kowa kujera a Majalisar Dattawa ba.

Mai neman gadon sarauta ta gaskiya a yau, ga abin da ke gabansa. Zai shigar da buƙata a kotun Lord Lyon a Edinbara a tabbatar masa da tambarin gidan. Zai kawo shaidar haihuwa, aure da mutuwa ta kowane mataki tsakaninsa da mai sarautar ƙarshe. Rajistar gwamnati a Sikotilan ta fara ne a 1855, kafin nan sai littattafan coci, da rajistar mallakar filaye da ta fara a 1617, da takardun babban hatimi. Inda aka fi faɗuwa shi ne rassan da ke gaba da kai: bai isa ka nuna kai jinin gidan ne ba, sai ka tabbatar duk wanda ya fi ka kusa ya mutu bai bar magaji ba. Kawu ɗaya da ya yi ƙaura zuwa Kanada ko Ostareliya aka rasa labarinsa ya isa ya tsayar da buƙata shekaru. Ɗan riƙo ba ya gado. Tun shari'ar Pringle ta 2016 kuma an karɓi gwajin ƙwayar halitta a matsayin hujja, har ta sauya magaji. In an gamsu, sai a sa sunanka a rajistar masu sarauta da aka kafa a 2004.

Sa'idu_GidanMadi:
Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba ɗaya daga cikin gidajen biyu da ke riƙe da ƙasar Mar ɗin kanta. Bayan ƙwacen 1716, Lord Grange da Lord Dun sun sayo Alloa don iyali, amma ƙasashen arewa sayar da su aka yi a biya bashi. Gidan Farquharson na Invercauld ya ɗauki ganuwar Braemar a 1732, gidan Duff ya ɗauki dajin Mar, wanda tun 1995 yake hannun hukumar adana kayan tarihi ta National Trust for Scotland. Kildrummy kufai ce. Hasumiyar Alloa, cibiyar Erskine, tana can kudu kusa da kogin Forth, ba a cikin Mar ba.

Gimbiyar_Damagaram:
Ita kuma Countess Margaret noma da kiwon awaki ta yi a Worcestershire ta Ingila. Dokar 1963 ce ta buɗe wa mata masu sarautar gado ƙofar Majalisa, ita ta shiga bayan ta gada a 1975. Da dokar 1999 ta rage masu kujerar gado zuwa 92, tana cikin waɗanda aka zaɓa, ta yi mataimakiyar shugaban zama, ta yi fice wajen magana kan illar maganin wankan tumaki ga manoma. Ta yi ritaya a Mayun 2020, lokacin ita kaɗai ce mace a cikinsu. James Erskine ya rasa kujerarsa a 1999, aka dawo da shi a 2000 da laƙabin iya rai, ya yi ritaya a 2017. Shi ne shugaban dangin Erskine, ita ce shugabar dangin Mar.

Alhaji_Tanko_Jos:
Ina nan dai kan bakana a abu ɗaya. Dokar 1885 da kanta ta yi maganar shakka, ba ta ce kwamitin 1875 ya yi kuskure ba. Da Majalisa ta gamsu cewa tsohuwar sarautar ba ta taɓa yankewa ba, ai ba a buƙatar dokar mayarwa.

Barista_Kurmi:
Alhaji, an yi amfani da lafazin shakka ne don a samu hanyar da dokar za ta wuce ba tare da an tsige wanda ya riga ya shekara goma da sarautar ba. Duba inda aka ajiye kowa a jeri: ta Goodeve-Erskine ta koma tsohon gurbinta, ta Kellie aka sa ta a 1565. To mutum taran nan daga 1565 zuwa 1866, da suka zauna a tsohon gurbi, wacce suke riƙe da ita?

Bakatsine_Tarihi:
Wannan ita ce tambayar da ta rage mini ni ma. Malam Zayyana, dokar 1824 da ta mayar wa John Francis sarautar kakansa, wacce daga cikin biyun ta mayar? In ta 1565 ce kaɗai, hukuncin cin amanar 1716 bai ci gaba da hawa kan ta asali ba har 1885?